Katin da Ban Yanka Ba

Yatsu uku na hannuna na dama ba sa lanƙwashewa. Idan zan ci tuwo sai in haɗa babban yatsa da manuniya in tsakuro, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Idan baƙo ya miƙo hannu mu gaisa, yakan ɗan tsaya ya kalli nawa, sannan ya kawar da kai. Masu ƙarfin hali su ce, "Hatsarin babur ne, Malam?" Nakan ce eh, don a wuce wurin. Ba hatsarin babur ba ne. Gudumar bugun shadda ce, kuma a kan teburin aikina aka shimfiɗa hannun, da hantsi, mata da yara suna kallo.

Ni ne mai yankan kati a ƙaramin asibitin unguwarmu, nan cikin gari, can ta bayan Mandawari inda lungu yake tsukewa har adaidaita sahu ba ta iya shiga, sai dai ta sauke mutum a bakin titi ya ƙarasa da ƙafa. Ɗaki huɗu ne da baranda da darbejiya ɗaya a tsakar gida. Akwai shugabanmu da kowa yake kira Likita, akwai Malama, tsohuwar nas da ta karɓi haihuwar rabin unguwar, sai mai ba da magani, sai mai gadi, sai ni. Aikina ba shi da wuya. Mutum ya zo, in tambayi sunansa da unguwarsa da shekarunsa, ya yi mini ƙaryar shekarun, in rubuta a kati, in shigar a babban littafi, ya wuce ciki.

Shekarun farko da na yi a wurin, asibitin sunansa kawai asibiti. Famfo ya bushe har gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa. Auduga sai ka sayo, safar hannu sai ka sayo. Mu kuwa sai ƙarfe goma muke isowa, mu tarar da mata a zube a baranda tun asuba, mu tsallake su ko sannu babu. Wata ya ƙare albashi ya shigo, ko mara lafiya ka duba ko jarida. Ni kaina na daka wa tsofaffin da suka yi jika da ni tsawa ban san adadi ba, kuma na kwana lafiya lau.

Sai wata shekara wasu mutane suka zo da farar mota da tarin takardu. Suka zaunar da mu a kan bencin marasa lafiya, suka ce daga yanzu za a riƙa ba asibiti kuɗi gwargwadon kyawun aikinsa. Duk wata uku masu dubawa za su zo. Za su leƙa bayan gida, su buɗe firjin allurai, su karanta littafi, sannan su ɗebi sunaye daga cikin katuna su bi mutane har gidajensu su tambaye su ko an kula da su. Maki ya hau, kuɗi ya hau. Wani kaso a gyara asibiti, wani kaso a raba mana.

Ba zan yi wa tsarin nan ƙazafi ba, ya yi aiki. Kafin shekara ta zagayo mun sa tanki, famfo ya kawo ruwa, bango ya sha fenti. Ƙarfe bakwai da rabi kowa yana kan kujerarsa. Ni da nake haɗe rai kamar an aiko mini da mutuwa, sai ga ni ina "Sannu da zuwa Hajiya, ya jikin?" har da ɗan rusunawa. Matan unguwa suka riƙa tambayar juna ko an yi mini rukiyya ne. Yara suka samu rigakafi a kan lokaci, masu ciki suka daina haihuwa a kan buhu a gida. Da rabona na farko na yi wa ɗakin mahaifiyata silin, ta daina tara kwanuka idan ana ruwa. Na so tsarin nan, kuma na so kuɗin, babu abin ɓoyewa.

Amma a ƙasan takardar masu dubawa akwai wani layi: wanda ya rasu a cikin asibiti. Ba mu kula da shi ba sai da wani dattijo ya zo da ciwon ƙirji, na yanka masa kati, ya zauna a benci yana jiran layi, ya jingina da bango kamar mai gyangyaɗi, ashe tafiyar ke nan. Masu dubawa suka gani a littafi, suka yi ta tambayoyi, maki ya faɗo, rabonmu ya tsuke. Likita ya yini bai yi wa kowa dariya ba. Da yamma ya kira ni ofishinsa ya turo ƙofa.

Ya ce, "Ka ga, asibitin nan a hannunka yake. Wanda ba shi da kati, bai zo ba. Ka gane?"

Na ce ban gane ba.

Ya ce, "Idan ka ga mutum jikinsa ya yi nisa, kada ka yanka masa kati. Nuna musu hanyar babban asibiti. Can akwai kayan aiki, akwai jini, akwai komai. Mu me muke da shi? Taimakonsa ma ka yi."

Likita ba mugu ba ne, yana da 'ya'ya bakwai da gidan haya. Kuma maganarsa ba ƙarya ce zalla ba, shi ya sa ta shiga kunnena ta zauna. Washegari na jawo teburina daga cikin ɗaki na kafa shi a baranda, daf da ƙofar shigowa. Na koyi wata sana'a da ba a koyar da ita a makaranta, muka sa mata suna duban ido. Tun daga nesa nake karanta mutum: yadda aka riƙo shi, yadda wuyansa yake lilo, farin leɓe, idon da ya fara juyawa sama. Kafin su iso teburi na riga na yanke hukunci. In miƙe da ladabi in ce, "Ayya, sannu. Wannan ai ya fi ƙarfinmu, ku hanzarta babban asibiti." Su yi godiya su juya. Wallahi har alfahari nake yi da cewa idona ba ya kuskure.

Ba wanda ya taɓa dawowa ya tuhume ni. Mu a nan idan mutum ya mutu, kwanansa ne ya ƙare, wanda ya tsaya bincike ma sai a ce imaninsa da sauƙi. Masu dubawa kuwa masu kati kawai suke bi gida, su kuma duk abin da aka tambaye su, "Alhamdulillahi, sun kyauta mana." Littafinmu ya yi fes. Malama ce kaɗai ba ta so ba. Ta wuce ta gaban teburina da kwanon almakasanta ta ce, "Yaro, kai ne likitan yanzu? Wata rana za ka kori wanda ɗinki biyar zai tayar." Na ce mata a bar wa kowa aikinsa. A raina na ce tsohuwar nan ba ta ƙi rabonta ba ranar da aka raba.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da gidan Iya mai fura. Ita ta goya ni lokacin da mahaifiyata take jegon ƙanwata. Tana da hawan jini, duk farkon wata sai ta zo awo, katinta a cikin leda a ɗaure a gefen mayafi, ta fi kula da shi a kan kuɗin furarta. Masu dubawa sun taɓa zuwa gidanta, ta ce musu, "Mai katin nan ɗana ne, ku rubuta masa mai yawa." Ɗanta ɗaya ya rage mata, marini ne a karofin Ƙofar Mata. Na girme shi da shekara biyar, Yaya yake ce mini. Hannayensa shuɗaye ne har gwiwar hannu, ko da Salla ba sa fita. Idan mun haɗu a lungu sai ya ɗaga su ya yi kamar zai shafa mini a farar rigata, ya ce, "Likitan kati, a ba mu hanya." In ce, "Matsa can, kada ka rina ni." Shi yake cefanen gidan, shi yake sayo mata gero.

Ranar da abin ya faru Alhamis ce, lokacin yaƙin neman zaɓe, saura kwana shida masu dubawa su zo. Bayan azahar muka fara jiyo ihu daga bakin titi, da ƙarar ƙofofin shaguna ana bugawa. Mutane suka riƙa kwararowa cikin lungu da gudu, takalma a hannu. "'Yan daba ne! Sun haɗu!" Ɓangare biyu ne suka yi karo, da wuƙaƙe da gora da barandami, wannan dogon makami mai lanƙwasasshen baki. Mai gadi ya tura ƙofarmu ya bar rabi a buɗe. Malama tana ɗakin haihuwa da wata mai naƙuda da ta yini tana fama.

Ƙarar tayar baro na fara ji, ƙiii ƙiii, tana tahowa da sauri. Mutum huɗu ne, duk hannayensu shuɗaye, ɗaya yana turawa, sauran suna gudu a gefe. A cikin baron mutum ne a naɗe, ƙafafunsa suna reto a waje. Jini ya taru a gindin baron yana kai da komowa kamar ruwa a daro, yana tsiyaya ta wata huda, ya ja layi tun daga bakin lungu har barandarmu. Sun ɗaure masa cinya da ɗanyen rini, ƙyallen ya jiƙe ya koma baƙi. Duk da haka jinin yana tsartuwa ta ƙarƙashinsa, yana tsayawa, yana sake tsartuwa.

Saboda sabo, idon na fara kalla kafin fuskar. Ya fara juyawa. Leɓe fari fat. Na riga na yanke hukunci kafin in ga hannayen, in ga fuskar, in gane ɗan Iya ne. Ya ɗauko ƙunshin kaya zai kai mabuga, inda ake buga rini ya yi ƙyalli, sai ya faɗa tsakiyarsu. Bai san hawa ba bai san sauka ba, wani ya kai masa sara a cinya ya wuce.

Maigidansa, wani tsohon marini mai farin gemu, ya dafa teburina da hannu biyu yana haki. Ya ce, "Malam, don Allah! Yaron nan jini yake zubarwa."

Sai na ji bakina yana magana da muryar nan ta ladabi. "Sara ne? Ai sai da takardar 'yan sanda. Kuma wannan ya fi ƙarfinmu, Baba. Ku hanzarta babban asibiti."

Ya ce, "Ta ina? Titi a rufe yake, suna can suna sare-sare! Ku ɗaure masa kawai. Ku tsayar da jinin, mu ma san yadda za mu yi."

Na waiwayi tagar Likita. Labule ya ɗan ɗaga, na ga rabin fuskarsa. Ya girgiza kai sau ɗaya, labule ya koma. Ɗakin haihuwa taku goma ne daga inda nake tsaye. Da na buɗe baki na ce "Malama!" da ta fito. Na sani a lokacin, ba daga baya na sani ba. Abin da yake raina shi ne, idan na yanka katin nan ya cika a kan gadonmu, saura kwana shida.

Na zagayo na kama bakin baron don in taya su juya shi. A nan ya kamo wuyan hannuna. Hannunsa sanyi ƙalau, yana santsi. Idon nan da ya tafi ya dawo ya tsaya a kaina.

Ya ce, "Yaya, ni ne fa."

Na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Babu kati. Ku yi sauri." Suka juya baron. Tsohon ya kalle ni, bai zage ni ba, ya bi bayansu da gudu irin na tsofaffi. Na ce wa mai gadi ya rufe ƙofa.

Sannan na ɗebo bokiti biyu a sabon tankinmu, na kawo sabulu da tsintsiya, na durƙusa ina wanke barandar, saboda tsabta ma tana da maki. Ina cikin wankewa na ji kukan jariri, jim kaɗan Malama ta fito tana cire safar hannu. Ta ga jan ruwa yana gangarawa kwata. Ta ga shatin yatsu shuɗi da ja a wuyan hannuna. Ta tambaya, mai gadi ya gaya mata.

"A ina aka sare shi?"

Na ce, "A cinya."

Ban ga tahowar hannunta ba, sai wuta na gani. Ta sake kifa mini na biyu da bayan hannu har leɓena ya fashe. Tana kuka tana cewa, "Cinya! Ɗan banza, cinya! Da na ɗaure sama da ciwon na sa masa ruwa, wallahi da ya kai can da ransa. Ni na karɓi haihuwarsa!" Ta fita lungu da gudu ko mayafi babu. Ba ta yi nisa ba ta dawo tana jan ƙafa. Ashe marinan sun zaga da shi ta lungu uku suna neman inda za su ɓulla titi. A na ukun ya cika, a cikin baron.

Kafin magariba aka yi masa sutura. Maƙoci ne, ba yadda za a yi in ƙi zuwa, sai na tsaya a sahun baya da kumburarren leɓe. A hanyar maƙabarta kowa yana karɓar makara ya ɗan taka ya ba wani. Da na kai kafaɗata, tsohon marinin nan ya sa hannu ya ture ni gefe a hankali, ya shiga wurin. Na fi jin wannan a kan marin Malama.

Abokan aikinsa sun bari sai da aka yi sadakar uku. Ranar Litinin da hantsi, baranda cike da mata 'yan awo da masu rigakafi, sai mai gadi ya leƙa waje ya dawo da baya da baya. Bai samu rufe ƙofar ba. Sun fi ashirin: marina, da masu bugu na mabuga, ƙarti masu damatsa kamar turmi, kowa da gudumarsa ta katako a kafaɗa. Na farko ya ɗaga guduma ya sauke a kan tankinmu, ya tsage, ruwa ya malale tsakar gida. Sai wurin ya kaure. Gilasan taga suka tarwatse. Suka jawo firjin allurai suka kifar, suka yi ta dukansa har ya lotse. Mata suna salati suna rarumar 'ya'yansu, wata ta faɗi aka tattake mata hannu, jarirai suna tsala kuka. Mai ba da magani ya shige ƙarƙashin kanta.

Likita ya fita ta baya zai haura katanga. Suka kamo ƙafarsa suka fizgo shi, ya faɗo da ka a kan dakalin famfo. Goshinsa ya dare, jini ya rufe masa fuska, yana rarrafe yana cewa, "Ku yi wa Allah! Ina da iyali!" Wani ya sa ƙafa ya shure shi a haƙarƙari sau biyu. Da suka nufi ɗakin haihuwa sai suka tarar da Malama ta tsaya a bakin ƙofa ta ware hannuwa. Ta ce, "Akwai mai jego a ciki. Nan sai dai ku bi ta kaina." Suka sunkuyar da kai suka juyo.

Ni suka juyo wa. Wani ya shaƙo wuyan rigata ta baya, wani ya naushe ni a ciki har numfashina ya ɗauke. Babbansu, wani baƙi mai tsagar fuska, ya tsaya a gabana ya ce, "Da wane hannu kake yanka katin?"

Ya ga biro a dama. Suka shimfiɗa hannun a kan teburi, a kan sababbin katunan da na jera da safe, mutum biyu suka danne mini kafaɗa. Biyu suka tsaya suna fuskantar juna kamar yadda suke yi a wurin aiki, wannan ya sauke, wancan ya sauke. Na ji ƙarar ta farko kamar an taka busasshen kara. Ta biyu na ji ta har cikin haƙorana. A ta uku na yi fitsari a wando, na yi wata ƙara da ban san ina da ita ba. Farce ɗaya ya fita ya manne a jikin gudumar. Katunan suka jiƙe.

Ɗayansu ya sake ɗaga guduma, sai na ji muryar tsohon marinin daga bakin ƙofa. "Ya isa. Ba kisa muka zo yi ba." Suka sake ni na zube. Suka saɓa gudumominsu suka fita a jere, kamar an tashi daga aiki.

Malama ce ta ɗago ni. Ta zaro kati ɗaya da bai jiƙe ba, ta rubuta sunana da hannunta, ta shigar a littafi, sannan ta ja ni ciki. Ta wanke, ta ɗinke abin da zai ɗinku, ta ɗaure da katako. Ba ta tausasa hannu ba ko kaɗan.

Aka ce 'yan dabar siyasa ne suka fasa asibitin, mu ma muka ce eh, su ne. Aka ɗaga zuwan masu dubawa. Da suka zo suka jajanta mana, suka buɗe littafi, babu mamaci ko ɗaya a wata ukun. Makinmu bai taɓa hawa kamar na wannan karon ba. An aiko mini da rabona har gida, a cikin ambulan.

Ina kwance a ɗaki wajen mako biyu bayan nan, sai na ji sallamar Iya mai fura a tsakar gida. Saboda hawan jininta ba wanda ya gaya mata gaskiya. An ce mata an kai shi asibitinmu, na karɓe shi, ciwon ne ya fi ƙarfinmu. An kuma ce mata 'yan daba sun karya ni. Shi ne ta zo dubiya, da kwanon fura a rufe da faifai. Mahaifiyata, wadda ta san komai, ta shimfiɗa mata tabarma ta fice madafa.

Ta rame, idanunta sun faɗa. Ta zauna ta kalli hannun ta ce, "Sannu ɗan nan. Azzalumai, ba su bar nawa ba, ba su bar ka ba. Allah ya isa." Na ce amin a ciki-ciki. Ta jawo kwanon kusa da ni. Ta murza gefen tabarma, sannan ta ce:

"Wata tambaya na zo da ita. An ce da kai ya yi maganar ƙarshe, daga nan bai sake cewa komai ba har ya cika. Na tambayi maigidansa, ya ce in tambaye ka. Ya yi shahada?"

Kalma ɗaya take nema. Duk unguwar nan babu wanda za a yi wa tambayar nan ya ce a'a, kuma ni na ƙware a faɗin abin da zai sa mutum ya yi godiya ya juya. Na buɗe baki in ce eh. Sai idona ya sauka a gefen mayafinta, a kan ƙullin nan da na sani.

Na ce, "Iya, ba shahada na ji ba. Hannuna ya riƙe ya ce, Yaya, ni ne fa."

Ta ɗan yi murmushi, hawaye ya zubo. "Ya gane ka ke nan. Kai kuma ka ce masa me?"

Na ce, "Na ce babu kati."

Ba ta gane ba da farko. Sai na gaya mata duka: teburin, da layin nan na ƙasan takarda, da labulen Likita, da taku goman da ban yi ba, da bokiti biyun. Ba ta yi ihu ba, ba ta tsine mini ba, da ma ta yi. Ta daɗe tana kallon bango, bangon da gidanta yake bayansa. Can ta sa hannu ta kwance ƙullin mayafinta. Ta daɗe kafin ya kwance. Ta zaro ledar, ta fito da katin, ta miƙar da shi a kan gwiwarta, ta ajiye a gefen kwanon.

Ta dafa ƙasa ta miƙe. A bakin ƙofa ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Ka sha kafin ta yi tsami."

Katin yana cikin akwatina. A layin ƙarshe akwai ranar da za ta dawo awo, da rubutuna na da, mai kyau, wanda hannun nan ba zai sake yi ba. Har yau katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma kullum da hantsi ina jin dakanta. Yanzu da kanta take zuwa sayen gero.